Idan Gwamnati Ta Karɓe Mahaƙan Ma'adinai: Darussa Daga Bolibiya Zuwa Arlit

A kusan duk ƙasar da arzikinta yake binne a ƙarƙashin ƙasa, da zarar guguwar juyin juya hali ta taso, abin da jama'a suke fara nema shi ne a karɓe mahaƙan ma'adinai daga hannun masu su. Dalilin a fili yake. Talaka yana tsaye yana kallon jirgin ƙasa yana fita da dukiyar garinsu dare da rana, alhali ɗansa ba ya makaranta, matarsa kuma tana haihuwa a gida don babu asibiti. Wanda ya zo ya ce masa zai dawo da wannan dukiya hannun 'yan ƙasa, ba ya bukatar dogon jawabi kafin a bi shi.

Daga 1952 zuwa tsakiyar shekarun 1970 ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Bolibiya ta karɓe kuzarta, Kwango da Zambiya da Chile da Peru suka karɓe tagulla, Ghana ta shiga harkar zinare, Muritaniya ta karɓe tamar ƙarfe, Togo kuma ta karɓe dutsen da ake yin takin zamani da shi. Shekaru sun isa yanzu a duba abin da ya biyo baya. Wasu sun ci gajiyar matakin har gobe, wasu kuwa kamfanonin da suka gada sun durƙushe a hannunsu, har daga baya suka sayar da su da araha. Sanin abin da ya bambanta waɗannan da waɗancan ya zama wajibi, domin zancen ya sake dawowa da ƙarfinsa a yankin Sahel.

Bolibiya kafin 1952

Babu ƙasar da ta fi Bolibiya nuna wannan al'amari daga farkonsa har ƙarshensa. Ƙasa ce ta tsaunuka a Kudancin Amurka, ba ta da gaɓar teku, kuma mahaƙanta suna can sama inda tsayin ƙasa ya kai mita 4,000. A farkon ƙarni na 20 kuza ta maye gurbin azurfa, ta zama ita ce ke kawo mafi yawan kuɗin ƙasashen waje. A 1929 kaɗai an fitar da kimanin tan 47,000.

Sai dai fiye da kashi biyu cikin uku na wannan kuza yana hannun mutum uku: Simón Patiño, Mauricio Hochschild da Carlos Víctor Aramayo. Patiño ɗan ƙasar ne, ya tashi cikin talauci, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya, amma ya yi wa kamfaninsa rajista a Amurka a 1924, ya koma Turai da zama, ribar kuma ta bi shi can. Waɗannan gidaje uku suna da lauyoyi da jaridu da ministoci, harajin da suke biya kuma bai taka kara ya karya ba. Su kuwa leburorin, galibinsu 'yan asalin ƙasar masu jin harsunan Kechuwa da Aimara, ƙurar dutse ke cinye musu huhu tun suna da sauran ƙuruciya. A watan Disamba na 1942, da ma'aikatan Catavi suka fito neman ƙarin albashi, sojoji suka buɗe musu wuta, suka kashe maza da mata.

Jam'iyyar MNR ta Víctor Paz Estenssoro ta zo ta ɗaya a zaɓen 1951, sojoji suka hana ta mulki. A watan Afrilu na 1952 aka yi kwana uku ana gwabzawa a birnin La Paz da Oruro. Mahaƙa suka sauko daga tsaunuka ɗauke da nakiyar da suke fasa dutse da ita, suka haɗu da 'yan sanda da mutanen gari, aka fatattaki rundunar soja. Shugaban ƙungiyar mahaƙa, Juan Lechín, ya shiga sabuwar gwamnatin Paz Estenssoro, ya zama ministan ma'adinai. A watan Oktoba aka kafa kamfanin gwamnati mai suna COMIBOL, ranar 31 ga watan kuma aka sa hannu a kan dokar karɓe mahaƙan attajiran uku, a filin nan na Catavi inda aka zubar da jini shekara goma kafin nan.

Abin da doka ba ta iya karɓewa

Dokar ta mayar da ramuka da injuna da gidajen ma'aikata mallakar ƙasa. Amma sana'ar haƙar ma'adini ta dogara ne a kan wasu abubuwa da ba sa cikin takardar mallaka, kuma Bolibiya ta ci karo da su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne dutsen kansa. Kowace mahaƙa tana tsufa. Ana fara cin jijiya mai kauri da ke kusa, sannan a bi ta ƙasa, kullum rami yana ƙara zurfi, kuzar da ke cikin dutse kuma tana raguwa. Attajiran uku sun daɗe da hango abin da ke tafe, don haka tun bayan faɗuwar kasuwa ta 1929 suka rage zuba sabon jari. Abin da COMIBOL ya gada tsofaffin ramuka ne da tsofaffin injuna. A manyan mahaƙan da a da ake samun kuza mai yawa, sai da ta kai ana niƙa tan 100 na dutse ba a samu tan ɗaya na kuza ba.

Na biyu shi ne narkarwa. Bolibiya ba ta da babbar masana'antar narka kuza. Abin da take fitarwa garin dutse ne da aka wanke, sai an kai shi waje a narka. Masana'antar da ta saba da irin dutsen Bolibiya ita ce Williams Harvey da ke yankin Liverpool a Ingila, kuma gidan Patiño ne ke juya ta. Ke nan mutumin da aka ƙwace wa rami shi ne mai sayen abin da ya fito daga ramin. Ɗaya masana'antar tana Texas a hannun gwamnatin Amurka, ita kuma ta ce sai an biya diyya kafin ta ci gaba da ciniki da ba da taimako. Haka aka amince a 1953, aka riƙa cire diyyar daga kuɗin kuzar da aka sayar, har ta kai wajen dala miliyan 27. Sai a 1971 Bolibiya ta buɗe tata masana'antar a Vinto kusa da Oruro, shekara 19 bayan juyin.

Na uku shi ne ilimin aikin. Mafi yawan injiniyoyi da masana duwatsu baƙi ne, kuma sun tattara nasu ya nasu suka tafi. Tare da su aka rasa sanin inda jijiya ta nufa, da yadda ake janye ruwa daga rami, da inda ake sayo kayan gyara. Ƙasar ba ta horar da isassun 'ya'yanta da za su maye gurbinsu ba, don masu kamfanonin ba su taɓa damuwa da hakan ba.

Na huɗu shi ne farashi, wanda ake yankawa a kasuwar ƙarafa ta Landan. Yaƙin Koriya ya ɗaga kuɗin kuza, da aka tsagaita wuta a 1953 ya faɗo. A ƙarshen shekarun 1950 Tarayyar Sobiyat ta zuba tata kuzar a kasuwa, aka tilasta wa ƙasashe masu haƙa su rage abin da suke fitarwa.

Inda kuɗin ya tafi

Waɗannan huɗu sun zo daga waje ko daga tarihi. Na biyar kuwa gwamnatin juyin ce ta jawo shi da hannunta. An tilasta wa COMIBOL ya sayar wa babban banki dalolin da ya samu a kan farashin gwamnati, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa. Da wannan rarar aka riƙa shigo da abinci, aka gina hanyar Cochabamba zuwa Santa Cruz, aka raya kamfanin man fetur na ƙasa, aka kuma azurta 'yan jam'iyya da suka samu lasisin sayen dala da araha. A lokaci guda aka mayar da duk ma'aikatan da aka kora a baya saboda siyasa, aka ƙara da wasu da ba aikin rami suke yi ba. Ma'aikata suka tashi daga wajen 29,000 zuwa sama da 36,000 cikin shekara huɗu. Kantunan kamfani suna sayar da nama da burodi da shinkafa da sukari a kan tsohon farashi, alhali hauhawar farashi a gari ta haura kashi 100 cikin 100 a shekara. Wakilan ƙungiyar ƙwadago kuma suna da ikon hawa kujerar na ƙi a kan shawarar manajoji.

Kamfanin ya zama saniyar tatsa da kowa ke zuwa da ƙwaryarsa, amma babu mai kai mata harawa. Ba a ware kuɗin neman sababbin jijiyoyi ba, ba a sabunta injuna ba. Kuzar da COMIBOL ke fitarwa ta sauko daga wajen tan 27,000 a 1952 zuwa wajen tan 15,000 a farkon shekarun 1960.

A 1961 gwamnati ta koma wajen Amurka da Jamus ta Yamma da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka neman bashin gyara, su kuma suka gindaya sharaɗin rage ma'aikata da karya ƙarfin ƙungiya. Da Janar René Barrientos ya hau mulki bayan juyin mulkin 1964, ya zaftare albashin mahaƙa, ya jibge sojoji a sansanoninsu. A daren 24 ga Yuni 1967 sojoji suka afka wa sansanin Siglo XX suka kashe mutane. A wannan karon babu Patiño, gwamnati ce mai kamfani, ita ce kuma mai bindiga.

Ƙarshen labarin ya zo a 1985. Paz Estenssoro, wanda ya sa hannu a dokar 1952, ya dawo mulki yana tsoho, ya tarar da kuɗin ƙasa ya zama takarda. A watan Agusta ya fitar da doka mai lamba 21060 ta tsuke bakin aljihu. A watan Oktoba majalisar kuza ta duniya, wadda ta daɗe tana tallafe da farashi ta hanyar saye da ajiyewa, ta rasa kuɗi, aka dakatar da cinikin kuza a Landan, farashi ya faɗi da fiye da rabi. Aka sallami wajen mahaƙa 23,000 daga cikin kimanin 30,000. A 1986 dubbansu suka kama hanyar La Paz a ƙafa tare da iyalansu, sojoji suka tare su a Calamarca. Da yawa suka koma unguwannin El Alto, wasu suka gangara yankin Chapare suka kama noman ganyen koka.

Duk da haka kuskure ne a ce juyin 1952 bai haifar da komai ba. Ya karya ikon gidaje uku a kan siyasar ƙasa. Ya ba mata da waɗanda ba su iya karatu ba 'yancin zaɓe. A 1953 ya raba gonakin manyan masu ƙasa ga manoman da a da suke yi musu aikin tilas. Kuɗin kuza ne ya buɗe gabashin ƙasar, wanda a yau shi ne rumbun abincinta. Ƙasa ta amfana ta fuskoki da yawa, amma sana'ar da ta biya kuɗin ita aka bari ta mutu da yunwa.

Zambiya da Kwango

A Afirka labarin ya maimaita kansa a yankin tagulla da ya ratsa Zambiya da kudancin Kwango. Zambiya ta samu 'yanci a 1964 tana da 'yan ƙasa masu digirin jami'a da ba su wuce kimanin 100 ba, tagulla kuma ita ce sama da kashi 90 cikin 100 na abin da take sayarwa a waje. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da ita, Anglo American da Roan Selection Trust. A watan Agusta na 1969, a jawabinsa na Matero, Shugaba Kenneth Kaunda ya sanar cewa gwamnati za ta karɓi kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsu, za ta kuma biya daga ribar da za a samu. A lokacin ƙasar tana fitar da sama da tan 700,000 a shekara.

Sai masifu suka jeru. A 1970 rami ya rufta a Mufulira, mutum 89 suka rasu. A 1973 aka rufe iyaka da Rodeshiya, hanyar da tagulla ke bi zuwa teku, abin da Zambiya ta jure saboda goyon bayan da take ba masu yaƙin 'yanci. Man fetur ya yi tsada, a 1975 kuma farashin tagulla ya faɗi, bai farfaɗo sosai ba har shekaru masu yawa. Gwamnati ta yi ta cin bashi da zaton gobe kasuwa za ta gyaru. Kamfanin tagullar ƙasa ZCCM, wanda aka haɗe a 1982, shi ke ɗauke da asibitoci da makarantu da gidaje da ƙungiyoyin ƙwallo na garuruwan haƙa, sannan ga bukatun jam'iyya mai mulki. Kuɗin kayan gyara ya ƙare. Zuwa shekarar 2000 abin da ake fitarwa ya sauko wajen tan 250,000.

Sayarwar da aka yi a ƙarshe ita ma darasi ce. Zambiya ta sayar da mahaƙan a lokacin da farashi yake ƙasa, masu bin ta bashi kuma suna tsaye a kanta. Wasu masu sayen suka samu yarjejeniyar biyan kashi 0.6 cikin 100 kacal a matsayin harajin ma'adini. Ba a jima ba bukatar Sin ta ɗaga farashi sama, haƙa ta farfaɗo, amma kaso mai tsoka na ribar ya wuce ƙasar. An karɓa da tsada, an sayar da araha.

Na Kwango ya fi muni. Kamfanin Union Minière na 'yan Beljiyam ya yi ƙarfin da har ya ɗauki nauyin ɓallewar lardin Katanga a 1960, don haka babu mai musun cewa ƙasar tana da hujjar karɓe shi. Shugaba Mobutu ya yi hakan a farkon 1967, amma cikin 'yan makonni ya ga dole ya sake ɗaukar wani kamfanin Beljiyam hayar gudanarwa da sayarwa. Kamfanin gwamnati Gécamines, wanda ya gaji mahaƙan, ya riƙe ƙarfinsa na tsawon lokaci, yana fitar da sama da tan 400,000 a shekara har cikin shekarun 1980. Sai dai fadar shugaban ƙasa ta mayar da asusunsa aljihunta. A 1990 babbar mahaƙar Kamoto ta rufta saboda rashin kulawa, rikici da wawushe-wawushe suka biyo baya, zuwa 1994 abin da ake samu bai wuce wajen tan 30,000 ba. A nan ba za a ɗora laifi a kan kasuwa ba, sata ce ta kashe kamfanin.

Inda abin ya ɗore

Da a ce kowace karɓewa haka take ƙarewa, da magana ta ƙare. Amma Chile ta nuna akasin haka. Tun a shekarun 1960 Shugaba Eduardo Frei ya sayi kashi 51 cikin 100 na mahaƙar El Teniente. Ranar 11 ga Yuli 1971, a zamanin Salvador Allende, majalisar ƙasa ta amince da karɓe manyan mahaƙan kamfanonin Amurka, Anaconda da Kennecott da Cerro, ba tare da ɗan majalisa ko ɗaya ya ƙi ba, har da 'yan adawa. Gwamnati ta lissafa ribar da ta wuce ƙima da kamfanonin suka kwasa, dala miliyan 774, ta cire daga diyya. Kennecott ya bi jiragen tagullar Chile zuwa kotunan Turai yana neman a riƙe su, aka toshe wa ƙasar hanyoyin bashi. A 1973 sojoji suka kifar da Allende, suka kashe dubban mutane.

Abin lura shi ne Janar Pinochet, wanda ya hau mulki bayan juyin, ya kuma sayar da ɗaruruwan kamfanonin gwamnati, bai mayar da tagulla ba. Ya biya diyya, ya haɗe mahaƙan a kamfani ɗaya mai suna Codelco a 1976, wanda ya daɗe yana kan gaba a duniya wajen fitar da tagulla, ya kuma zuba wa baitulmali biliyoyin daloli. Dalilan ɗorewarsa sanannu ne. Dutsen mahaƙan Chuquicamata da El Teniente yana da sauran rai mai tsawo. Chile tana da jami'o'in da suka daɗe suna yaye injiniyoyin haƙa, don haka da baƙi suka tafi akwai masu hawa kujerunsu. Tana da masana'antun narkarwa da tashoshin jiragen ruwa nata. An bar ƙwararru suna gudanarwa, ana buga lissafin kamfani kowa ya gani. Daga baya aka kafa asusun ajiyar rarar tagulla, wanda ya ceci ƙasar a rikicin tattalin arzikin 2009. Ko a nan ma akwai tabo, domin shekaru da dama doka tana ba sojoji kashi 10 cikin 100 na cinikin Codelco a waje, sai a 2019 aka soke ta. Sannan ƙasar ta buɗe ƙofa ga masu jari su haƙa sababbin wurare kamar Escondida, har ya zama Codelco bai kai kashi ɗaya cikin uku na tagullar Chile ba a yau.

Botswana kuwa wata hanya ta bi. Shugaba Seretse Khama ya fara da dokar da ta mayar da duk ma'adinan ƙasa mallakar gwamnatin tsakiya, duk da cewa a yankin ƙabilarsa aka fara gano lu'ulu'u. Gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da De Beers da kashi 15 cikin 100, a 1975 ta kai shi rabi da rabi. Duk lokacin da yarjejeniya ta zo ƙarewa sai ta ƙara matsa lamba: ta samu hannun jari a De Beers ɗin kansa, ta sa aka dawo da cinikin duwatsun daga Landan zuwa Gaborone a 2013. Kuɗin ya tafi makarantu da asibitoci da hanyoyi da asusun ajiya. Ba a kori kowa ba, amma ƙasar ce ke ɗaukar kaso mafi girma na ribar. Yau lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta ya karya kasuwa, Botswana tana jin jiki, abin da ke tuna mana cewa dogaro da ma'adini ɗaya haɗari ne ko da an iya riƙo.

Jos da Arlit

Faɗuwar kasuwar 1985 da ta watsa mahaƙan Bolibiya ita ce ta ƙarasa kuzar Jos. Kafin nan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa baƙi sun janye jiki daga zuba jari, kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Abin da ya rage a Bukuru da Barikin Ladi shi ne tafkunan da aka haƙa aka bari, da masu haƙar hannu da ke shiga ramuka da ransu a tafin hannu.

A Nijar maganar tana da zafi yanzu. Kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. Shekara 50 ma'adinin Agadas yana haskaka biranen Faransa, alhali mafi yawan 'yan Nijar ba su da lantarki. Shugaba Diori Hamani yana cikin neman ƙarin farashi aka kifar da shi a watan Afrilu na 1974. Da aka rufe COMINAK a 2021, an bar tsibin sharar haƙa mai guba na miliyoyin tan kusa da gari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin Yamai sun soke lasisin kamfanin Orano na Faransa a Imouraren a 2024, a watan Yuni na 2025 kuma suka sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, inda a lokacin Orano ke da kashi 63.4 cikin 100, kamfanin gwamnati SOPAMIN kuma 36.6. Orano ya kai ƙara kotun sasanta rikicin jari ta duniya. Mali ma ta ɗaga kason ƙasa a dokar ma'adinanta ta 2023, Burkina Faso kuma ta karɓe wasu mahaƙan zinare.

Koken Nijar gaskiya ne, kuma tana da abin da Bolibiya ba ta da shi a 1952, domin kusan duk ma'aikatan Arlit, har da injiniyoyi da manajoji, 'yan ƙasa ne da suka san aikin. Amma sauran matsalolin suna nan. Garin yuraniyom da ake fitarwa sai an kai shi masana'antun sarrafawa, waɗanda ƙasashe ƙalilan ne ke da su: Faransa, Kanada, Amurka, Rasha da Sin. Cinikinsa yana ƙarƙashin sa ido na duniya, masu saye kuma suna gudun kayan da ake shari'a a kansa. Hanyar da aka saba bi ta Kwatano ta toshe saboda rikicin iyaka da Benin, ta nan ne kuma sinadaran sarrafa dutse ke shigowa. Mahaƙar Arlit ta haura shekara 50, Imouraren kuma tana bukatar jari mai nauyi kafin ta fara ba da komai.

Abin da tarihi ya tabbatar

Haƙƙin al'umma a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasarta ba abin jayayya ba ne, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta tabbatar da shi tun 1962. Ƙasashen da suka karɓe mahaƙansu sun yi ne bayan zalunci na gaske. Sai dai daga Catavi zuwa Kamoto an ga cewa ranar sa hannu ita ce mafi sauƙi a cikin tafiyar. Kamfanin da ya rayu shi ne wanda aka bar masa kuɗin gyaran injuna da neman sabon dutse kafin a raba riba, aka naɗa masa shugabanni saboda iya aiki, aka buga lissafinsa a fili, aka tanadi masu saye fiye da ɗaya, aka kuma ajiye rarar shekarun daɗi domin shekarun wuya. Wanda ya mutu shi ne wanda aka mayar wurin ba 'yan siyasa aiki da biyan bukatun fada. Ma'aikacin rami kuma, wanda da sunansa ake yin juyin, shi ne ya fi shan wahala a duk inda abin ya lalace.

Saboda haka aikin 'yan ƙasa yana farawa ne bayan an gama murna. 'Yan jarida da malaman jami'a da ƙungiyoyin ƙwadago da sarakunan yankunan haƙa su riƙa tambaya a kowace shekara: tan nawa aka haƙa, wa aka sayar wa, a kan nawa, nawa ya shiga baitulmali, nawa aka mayar cikin rami, nawa ya isa garin da aka haƙa? Gwamnatin da ta karɓi ma'adini da sunan jama'a, wajibi ne ta ba jama'a waɗannan amsoshi a rubuce, kuma kada kishin ƙasa ya hana kowa neman su.